Yaƙin Holan da Fotugal a Kan Teku: Mafarinsa, Yadda Ya Kaya da Waɗanda Suka Biya Kuɗinsa

Tun daga watan Disamba na 2022, lokacin da firaministan Holan na wancan lokaci, Mark Rutte, ya nemi gafara a madadin gwamnatinsa kan cinikin bayi, sannan Sarki Willem-Alexander ya maimaita hakan ranar 1 ga Yuli, 2023, sunayen Holan da Fotugal suka riƙa fitowa tare a duk muhawarar da ake yi kan biyan diyya. Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai shi ne yadda wuri ɗaya yake ɗauke da sunan ƙasashen biyu. Gidan ganuwar Elmina da ke gaɓar tekun Gana, mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, amma mutanen Holan ne suka miƙa shi ga Ingila a 1872. Abin da ya shiga tsakani shi ne yaƙin da ya ɗauki kimanin shekara sittin, daga farkon shekarun 1600 zuwa 1663, wanda aka gwabza a gaɓar Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, alhali ƙasashen biyu da ke yin sa babu wadda yawan jama'arta ya kai miliyan biyu.

Daular da ba ta da ƙasa sai mashigai

Kafin a fahimci rikicin, sai an san abin da ake kira daular Fotugal a wancan zamani, domin ba irin mulkin mallakar da Ingila da Faransa suka shimfiɗa daga baya ba ne. Bayan Vasco da Gama ya isa Kalikut a Indiya a 1498, kwamandan Fotugal Afonso de Albuquerque ya kama Gowa da ke gaɓar Indiya a 1510, ya kama Malaka da ke Malesiya ta yau a 1511, ya tabbatar da ikonsu a Hurmuz a 1515. Duk waɗannan wurare mashigai ne da tashoshin jiragen ruwa, kuma manufar ita ce a zauna a bakin ƙofa a karɓi haraji daga mai shiga da mai fita. Kowane jirgin fatake, na Larabawa ne ko na Gujarat ko na Malayu, ana tilasta masa sayen takardar izini mai suna kartaz, wanda kuma aka kama ba shi da ita, a ƙwace kayansa.

Hujjar da Fotugal ta dogara da ita ita ce takardun Fafaroma da yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, wadda ta ja layi a tekun Atilantika ta raba sababbin ƙasashe tsakaninta da Sifen. Ribar kuwa tana cikin kayan yaji: masoro daga gaɓar Malabar, kirfa daga tsibirin Silon wanda yanzu ake kira Siri Lanka, kanumfari da gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Maluku da Banda. A ɓangaren Atilantika akwai zinariyar ƙasar Akan da ke fita ta Elmina, da sukarin Burazil, da bayin da ake ɗebowa daga Angola domin su yi aikin rake.

Yadda abokan ciniki suka koma abokan gaba

Da farko babu gaba tsakanin al'ummomin biyu. Jiragen Holan ne ke zuwa Lisbon su ɗauki yaji, su je Setubal su ɗauki gishirin da suke adana kifi da shi, su rarraba kaya a arewacin Turai. Abin da ya ɓata wannan hulɗa ya faru ne a Maroko. A 1578 Sarki Sebastian na Fotugal ya kai yaƙi can, aka kashe shi a Wadil Makhazin ba tare da ya bar magaji ba. Shi ne yaƙin da ya ɗora Ahmad al-Mansur kan gadon sarautar Maroko, wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a 1591. Shekara biyu bayan mutuwar Sebastian, a 1580, Sarki Filib na Biyu na Sifen ya haɗa rawanin Fotugal da nasa, haka kuma aka zauna har 1640.

Shi kuwa Filib yana cikin yaƙi da lardunan Holan, waɗanda suka yi masa tawaye tun 1568 saboda haraji da kuma bambancin aƙida tsakanin Katolika da Furotesta. Ta haka Fotugal ta gaji gabar da ba ita ta ƙulla ba. Da aka riƙa sanya wa jiragen Holan takunkumi a tashoshin Sifen da Fotugal, musamman a 1585 da 1598, 'yan kasuwar Amsterdam, waɗanda jarinsu ya ƙaru da attajiran da suka gudo daga Antwerp, sai suka yanke shawarar zuwa tushen kayan da kansu. Hanyar ma ta daina zama sirri, domin Jan Huyghen van Linschoten, wanda ya yi aikin magatakarda ga babban limamin cocin Gowa, ya koma gida ya wallafa bayanin hanyoyin teku da raunin tsaron Fotugal. Tafiyar farko ta Cornelis de Houtman, wadda ta tashi a 1595 da jirage huɗu, ta yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na mutanenta, amma ta dawo da yaji daga Banten, wannan kuma ya isa ya buɗe ƙofa.

Kamfani mai igwa

A nan ne bambancin tsarin ƙasashen biyu ya fito. Harkar Fotugal ta sarki ce: shi ke naɗa wakilinsa a Gowa, shi ke raba muƙaman kwamandojin sansani ga 'ya'yan manyan gida, yawanci na shekara uku, kowa kuma yana ƙoƙarin ya tara abin da zai tara kafin wa'adinsa ya cika. Holan kuwa, a watan Maris na 1602, ta haɗe ƙananan kamfanoninta wuri ɗaya ta kafa Kamfanin Indiya ta Gabas, wanda aka fi sani da VOC, da jarin kusan gilda (kuɗin Holan na lokacin) miliyan 6.4 da aka tara ta hanyar sayar da hannun jari ga jama'a. Takardar kafa shi ta ba shi ikon gina sansani, ɗaukar soja, ƙulla yarjejeniya da sarakuna da kuma yin yaƙi, wato ikon da a yau gwamnati kaɗai ke da shi. A 1621 aka kafa takwaransa na Indiya ta Yamma, WIC, domin tekun Atilantika.

Abin da ya nuna wa masu hannun jari cewa yaƙi da kansa sana'a ce ya faru a watan Fabrairu na 1603, a kusa da Singafo, inda Jacob van Heemskerck ya kama wani katafaren jirgin Fotugal mai suna Santa Catarina cike da siliki da tangaran na ƙasar Sin. Da aka yi gwanjon kayan a Amsterdam, kuɗin ya haura gilda miliyan 3, kusan rabin jarin kamfanin kaf.

Teku ta kowa ce ko ta wanda ya riga?

Kamun wannan jirgi ya jawo tambayar shari'a: ganimar yaƙi ce ko fashin teku? Kamfanin ya nemi wani matashin lauya, Hugo Grotius, ya kare shi, wani babi na rubutunsa kuma ya fito a 1609 da hujjar cewa teku kamar iska take, babu mai mallakarta, kuma kowace al'umma tana da 'yancin ciniki da kowace, don haka wanda ya tare hanya ya halatta a buɗe ta da ƙarfi. Daga ɓangaren Fotugal, malamin shari'a Serafim de Freitas ya mayar da martani a 1625, yana cewa su ne suka fara buɗe hanyar da jininsu da dukiyarsu, su ne suka tsare ta fiye da shekara ɗari, kuma nauyin yaɗa addini da Fafaroma ya ɗora musu yana buƙatar wannan keɓancewa.

Hujjar Grotius ce ta yi rinjaye a dokokin duniya na yau, amma adalci ya buƙaci a faɗi cewa kamfanin da ya ɗauke shi aiki bai bi ta ba. Da zarar mutanen Holan sun kori wani daga kasuwa, sai su kafa babakeren da ya fi na da tsanani. A tsibiran Banda, waɗanda jama'arsu ta kai kimanin 15,000, Jan Pieterszoon Coen ya kai farmaki a 1621 saboda sun ci gaba da sayar wa wasu gyaɗar ƙamshi, aka kashe da yawa, aka bautar da wasu, saura suka gudu ko yunwa ta kashe su, aka kawo bayi suka maye gurbinsu a gonaki. A Maluku kuma ana tura kwale-kwalen yaƙi su sare itatuwan kanumfarin da ke wajen yankin da kamfani ya amince, don kada kaya su yi yawa farashi ya faɗi. Ba Grotius ba, ba Freitas ba, babu wanda ya ɗauki fataken Gujarat da Yaman da Jawa, waɗanda suka daɗe suna bin wannan teku, a matsayin masu ta-cewa a muhawarar.

Asiya: inda Fotugal ta sha kashi

Nasarar Holan a gabas ba ta zo da sauri ba. Sun karɓi Ambon a 1605, amma sun kasa cin Malaka a 1606, sun kasa cin tsibirin Mozambik a 1607 da 1608, aka kuma fatattake su daga Makau a 1622. Abin da ya sauya lissafi shi ne kafa hedikwata a Batabiya, wato Jakarta ta yau, a 1619, da yawan jiragen da suke iya turawa kowace shekara, da kuma dabarar tare bakin tashar Gowa a lokacin da iska ke ba jirage damar fita, wadda suka riƙa maimaitawa daga 1636. Haka kuma ba su kaɗai ke dukan Fotugal ba: Farisa da Ingila sun ƙwace Hurmuz a 1622, Japan ta kore su a 1639 ta bar mutanen Holan kaɗai daga cikin Turawa, Larabawan Oman kuma suka karɓe Maskat a 1650.

Manyan wuraren biyu da suka faɗi, duka da hannun sarakunan yankin suka faɗi. Malaka ta miƙa wuya a Janairun 1641 bayan ƙawanyar wata biyar da aka yi mata tare da dakarun Sarkin Johor, wanda kakanninsa ne Albuquerque ya kora daga birnin. A Silon, Sarki Rajasinha na Biyu na Kandy ne ya gayyato kamfanin a 1638 domin ya raba shi da Fotugal. Aka ci Galle a 1640, Kolombo a 1656, Jafna a 1658, sai kamfanin ya ƙi miƙa garuruwan, ya kawo wa sarkin lissafin kuɗin yaƙin da ya san ba zai iya biya ba, ya riƙe ƙasar kirfa a matsayin jingina. Mutanen tsibirin har yau suna da karin magana a kan wannan musanya, cewa an ba da citta an karɓo barkono, abin da Bahaushe zai kira gudun gara faɗa wa zago. Daga ƙarshe tashoshin masoro na Malabar suka bi, Kochin ta faɗi a 1663.

Rake a Burazil, bayi a Afirka

A Atilantika labarin ya sha bamban. Kamfanin WIC ya kama Salvador, babban birnin Burazil, a 1624, amma rundunar haɗin gwiwar Sifen da Fotugal ta ƙwato shi a shekarar da ta biyo. Da Piet Hein ya kama ayarin jiragen azurfar Sifen a gaɓar Kuba a 1628, ganimar da ta haura gilda miliyan 11 ta biya kuɗin sabon hari, aka kama Olinda da Recife a lardin Pernambuco a 1630, yankin da ya fi ko'ina a duniya fitar da sukari a lokacin.

Nan take suka gane cewa gandun rake ba ya tafiya sai da hannaye, kuma duk wata ƙyamar cinikin bayi da wasu malaman cocinsu ke nunawa ta kau. Wannan ne ya juyo da igwoginsu zuwa Afirka. Sun taɓa gwada Elmina a 1625 da soja sama da dubu, amma mayaƙan garin, 'yan ƙasa masu ƙawance da Fotugal, suka auka musu suna cikin hutawa saboda zafin rana, suka kashe fiye da 400. A Agustan 1637 gwamnan Burazil ta Holan, Johan Maurits, ya aiko da wata runduna daga Recife, wadda ta samu taimakon ƙananan masarautun maƙwabta. A wannan karon ba su tunkari ganuwar kai tsaye ba: sun jawo igwa zuwa kan tudun Santiago da ke kallon gidan daga sama, suka yi ta ruwan wuta cikin farfajiyarsa har masu tsaronsa suka sallama cikin 'yan kwanaki. Wanda ya je Elmina a yau zai ga ƙaramin sansanin da suka gina a kan wannan tudu, don kada wani ya yi musu abin da suka yi, zai kuma ga cocin Fotugal da ke tsakar gidan, wanda suka mayar wurin ciniki.

A ranar 1 ga Disamba, 1640, Fotugal ta ɓalle daga Sifen ta naɗa Sarki Juwan na Huɗu, wanda ya nemi sulhu da Holan tunda yanzu maƙiyinsu ɗaya ne. An sa hannu kan tsagaita wuta ta shekara goma a 1641, amma kafin a tabbatar da ita kamfanin WIC ya yi wuf ya kama Luwanda da tsibirin Sao Tome da lardin Maranhao. Masu kare Holan sun ce takarda ba ta fara aiki ba, mutanen Fotugal kuwa sun kira abin cin amana. A Angola, Sarauniya Njinga ta Matamba da Sarki Garcia na Biyu na Kongo sun haɗa kai da mutanen Holan saboda dalilansu na kansu, wato su rage ƙarfin Fotugal a ƙasashensu.

Abin da ya kayar da Holan a Burazil ya fara ne daga bashi. Masu gandayen rake, waɗanda mafi yawansu 'yan asalin Fotugal ne kuma Katolika, sun sayi bayi da injinan matsar rake bashi daga kamfanin, farashin sukari ya faɗi, bayan tafiyar Johan Maurits a 1644 kuma aka matsa musu lamba su biya. A 1645 suka yi tawaye ƙarƙashin João Fernandes Vieira da André Vidal de Negreiros, tare da rundunar baƙar fata ta Henrique Dias da ta 'yan asalin ƙasar ƙarƙashin Filipe Camarão, suka ci sojan kamfanin sau biyu a tuddan Guararapes, a 1648 da 1649. A 1648 ɗin ne Salvador Correia de Sá ya taso daga Rio de Janeiro, da kuɗin da masu gandaye suka tara, ya ƙwato Luwanda. Recife ta miƙa wuya a Janairun 1654, a daidai lokacin da jiragen yaƙin Holan ke fama da Ingila a gida.

Me ya sa sakamakon ya rabu haka?

Masanin tarihi Charles Boxer ya taƙaita shi da cewa Holan ta yi nasara a Asiya, an yi kunnen doki a Yammacin Afirka, Fotugal ta yi nasara a Burazil. Bayanin da aka fi yi yana jingina komai ga kuɗi da jirage da horon soja, kuma yana da ƙarfi, domin Holan ta fi jari, ta fi ma'aikatan jirgi, tana kuma ɗauko sojan haya daga Jamus da arewacin Turai. Sai dai wannan bayani bai amsa tambayar Burazil da Angola ba, inda mai ƙaramin ƙarfi ya ci.

Abin da ya fi dacewa da hujjojin shi ne a duba inda kowa ya yi saiwa. Inda ikon Fotugal bai wuce ganuwa ɗaya a bakin ruwa ba, kuma maƙwabta sun gaji da harajinta da tsananin limamanta, igwa da ƙawancen sarkin yankin sun isa su tumɓuke ta. Inda kuwa mutanenta suka zauna suka yi aure suka haihu, harshensu da addininsu suka shiga gidaje, kamfanin da ke lissafin riba kowace shekara bai iya jure dogon yaƙin sunƙuru ba. Shi kansa Sarki Juwan bai fito fili ya goyi bayan 'yan tawayen Pernambuco da farko ba, har wani mashawarcinsa, limami António Vieira, ya ba da shawarar a bar wa Holan lardin a zauna lafiya. Akwai kuma rabuwar kai a cikin Holan: lardin Zeeland yana son a ci gaba da yaƙi, 'yan kasuwar Amsterdam kuwa sun fi damuwa da gishirin Setubal. Yarjejeniyar Hague ta Agustan 1661 ta bi ra'ayin na biyun: Holan ta haƙura da Burazil, Fotugal ta amince ta biya kuruzado (kuɗin Fotugal na lokacin) miliyan 4, wani kaso ta hanyar gishiri. A wannan lokacin ne kuma Fotugal ta nemi kariyar Ingila ta hanyar aurar da Gimbiya Catarina ga Sarki Charles na Biyu, ta haɗa masa da Bombay da Tanja.

Abin da ya faɗo kan talakawa

A cikin shekarun da Holan ta riƙe Pernambuco, jiragenta sun kai bayi fiye da 20,000 daga Afirka, wannan kuma shi ne shigarta ta sosai cikin cinikin da take neman gafararsa a yau. Rasa Burazil bai fitar da ita ba. Tsibirin Kurasawo, wanda ta kama a 1634, ya zama kasuwar tara bayi ana sayar wa yankunan Sifen, 'yan kasuwa da masu sanin aikin sukari da suka baro Recife kuma sun taimaka wajen bazuwar gandayen rake a tsibiran Karibiyan na Ingila da Faransa, abin da ya ninka buƙatar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Gasar Turawa a gaɓar ta kuma ƙara kwararar bindigogi zuwa masarautun cikin ƙasa.

Akwai wani sakamako da ya taɓo har ƙasar Hausa daga nesa. Bayan faɗuwar Elmina, mutanen Holan sun riƙa tilasta wa jiragen Burazil su tsaya a can su biya kashi goma cikin ɗari na kayansu, galibi taba, kafin su wuce tashoshin gabas irin su Wida. Tabar Bahia, lardin Burazil da birnin Salvador yake ciki, mai zaƙin ruwan rake, ta samu karɓuwa a wannan gaɓa, hanyar da ta ƙullu tsakanin Bahia da gaɓar Benin kuma ta ɗore har ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙen cikin ƙasa suka jefa Yarabawa da Nufawa da Hausawa cikin jiragen. Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawayen bayi na Bahia a 1807, Musulmin birnin Salvador kuma suka yi babban boren 1835.

A gabas, masu ɓare kirfa a Silon sun ci gaba da aikin dole ƙarƙashin sabon ubangida, Katolikan tsibirin kuma suka koma yin ibada a ɓoye. Malaka ta dushe domin kamfanin ya karkatar da ciniki zuwa Batabiya. Amma harshen Fotugal bai tafi da tutarta ba: ya daɗe yana zama harshen kasuwa da na cikin gida a Batabiya kanta, kuma har yanzu akwai ƙaramar al'ummar Kristang a Malaka masu magana da wani reshensa. Ragowar wuraren da Holan ta kasa karɓa sun zauna a hannun Fotugal har zuwa zamanin nan: Gowa sai 1961, Angola da Mozambik da Timor ta Gabas sai 1975, Makau sai 1999.